Ba Ta Son Baƙi

Zuwa ga 'yata Auta,

Ina gaishe ki, ke da maigidanki da mutuniyata Ummi, da fatan kun tashi lafiya. Ni dai alhamdulillahi. Gwiwa ce kawai take yi mini tsiya in zan miƙe, kunne kuwa kin san shi, injinan masaƙa sun cinye shi tun tuni. Jiya maƙwabcina Tela ya tsaya a kaina yana ta magana ina ta cewa amin, ashe aron guduma yake nema.

Wasiƙarki ta zo ranar Talata. Da kaina na karanta ta, har sau huɗu. A karo na farko da na kai inda kika ce "za mu zo" na kasa wucewa, sai da na tashi na wanke fuska. Shekara takwas ke nan, Auta. Rabona da Ummi tun tana bayanki, lokacin rasuwar mamarki, yanzu kin ce ta kai ƙirjinki. Na san abin da ya tsare ku: keken guragun da maigidanki yake kai tun hatsarin nan, ga kuma halin da Allah ya yi Ummi da shi. Ban taɓa riƙe ku a raina ba.

Kin ga amfanin makarantar yamma? Da can in takarda ta zo sai na kai wa wani ya kwarara mini ita a kunne, unguwa duk ta ji sirrinmu. Waya kuwa ba ta da amfani gare ni, bakina kaɗai ke aiki. Shekara uku ke nan muna matse kanmu a kujerun yara, mu goma sha biyu, babu wanda bai da furfura. Malam ya ce rubutuna kamar kaji sun yi faɗa a kan takarda, amma ya ce ana ganewa.

Ki rubuto mini duk abin da kuke bukata, kada ki rage komai don jin nauyi. Wata biyu ya ishe ni in juya gidan nan.

Babanki

*

Baba,

Barka da war haka. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, kuma ka riƙa shafa man da na aiko, ba ajiye shi za ka yi ba. Mu duka lafiya. Baban Ummi yana gaishe ka da girmamawa.

Hutun asibiti kwana biyar kawai suka ba ni, biyu za su tafi a hanya. Jirgin ƙasa za mu hau, awa goma sha ɗaya, daga tasha kuma mu ɗauki tasi. Na je ofishin tasha sau uku kafin su yarda za su shimfiɗa wa Baban Ummi allon hawa, su kuma ba mu kujerun da ke kusa da ƙofa.

Na sa zare a cikin ambulan ɗin nan. Tsawonsa shi ne faɗin keken. Ka gwada shi a ƙofar gida, da ta ɗaki, da ta banɗaki. Matakala biyun nan na bakin ƙofa kuma suna bukatar gangare.

Sai Ummi. Ka karanta nan a hankali, Baba. Likitoci suna da sunan da suke kiran abin, ni dai ga yadda muke zaune da shi.

Ba ta son a taɓa ta. Kada ka miƙa mata hannu, in tana so ita za ta matso.

Ba ta son ƙara. A kashe rediyo.

Kalmominta ba su wuce ashirin ba. In ba ta dube ka ba, ba raini ba ne.

Kofinta shuɗi ne, da shi kaɗai take sha. Rigar tafiyarta ma shuɗiya ce. Za mu zo da su.

Ba ta son baƙi ko kaɗan. In ta ga baƙi sai ta ruɗe, ta yi ta bugun kanta. Wannan shi ne babba, Baba.

Abu na ƙarshe, ka roƙi Tela ya ɗauko mana hotuna da wayarsa, a wanke su: ƙofar gida daga waje, tsakar gida, ɗakin da za ta kwana, da fuskarka. Ina haɗa mata littafin tafiya, shafin tasha, shafin jirgi, shafin tasi, har zuwa ƙofarka, don ta san inda za ta. Safe da yamma muke buɗe shi.

Tun da ta yi wayo ba mu taɓa kai ta ko'ina da ya wuce makaranta da asibiti ba. Baban Ummi bai so tafiyar nan ba, ni na matsa. Ya ce in ta yi kyau, duk shekara za mu riƙa zuwa.

'Yarka Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ina shafa man, ki daina yi mini faɗa ta takarda.

Ga hotuna nan huɗu. Na fuskata Tela ya ɗauka sau bakwai, wai kullum ina rufe ido. Ki ce wa mutuniyata tsohon ya fi haka kyau a zahiri.

Zare ya wuce ƙofar gida da ta ɗaki. A banɗaki ya ƙi, saura yatsa uku. Magini zai zo ranar Asabar ya fasa gefe ɗaya, shi zai yi mana gangaren ma.

Maganar baƙi kuwa ki kwantar da hankalinki. Na fahimta sarai. Kafin ku iso ba za ta ga ko ɗaya a gidan nan ba, na yi miki alkawari.

Babanki

*

'Yata Auta,

Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Saura kwana goma! Ni kam ban san ina da ciwon gwiwa ba a makon nan.

Bari in ba ki labarin aiki. Gangare ya bushe. Magini ya yi shi da ɗan kwanciya, ya ja layuka a kan simintin don kada taya ta zame. Muka ɗora Tela a baro muka tura shi sama da ƙasa sau uku don gwaji, yana ihu yana cewa in ya karye ni zan ɗinka kayan mutane. Banɗaki ya buɗe, mun kafa ƙarfe a bango na dafawa.

Sai maganar da kika ce ita ce babba. Da na zauna na duba gidan nan da idon mutuniyata, sai na ga ashe baƙi ya yi mana yawa. Ƙofar gida kanta baƙa ce wuluk! Har kunya ta kama ni da na tuna hotonta na aika wa yarinya. Na sayo fenti shuɗi, kalar kofinta, na shafe ƙofar sau biyu ciki da waje. In ta zo za ta ga ta fi ta hoton kyau nesa. Baƙar hulata na ba Magini. Gindin tukwane na kwana biyu ina gogewa da yashi har suka yi fari. Takalmina na ɓoye ƙarƙashin gado. Saura kyanwar Tela, wadda take baƙa kamar gawayi. Na ce ya kulle ta kwana uku. Ya rubuta mini a bayan kwalin zare, don ya gaji da ihu: "To tayar keken ubanta fa, fara ce?" Na ce wannan ta saba da ita, kai dai ka kama kyanwarka.

Ban nuna wa Malam wasiƙarki ba. Na ce wannan tawa ce, ni ma yanzu mai karatu ne.

Ga albishir kuma. Jikata ba za ta shigo gidan kakanta shiru kamar marar dangi ba. Na gaya wa Gwaggonki, za ta zo da 'ya'yanta da jikokinta. 'Yan ajinmu duka za su zo, har da Malam. Abokaina na masaƙa waɗanda suka rage, da maƙwabta. Na aro kujeru arba'in. Na ja musu kunne: ba rediyo, ba ihu, ba mai taɓa ta. Za mu taru a tsakar gida, in tasi ta tsaya mu fito gaba ɗaya mu tarye ku. Shekara takwas suna tambayata ina jikar nan da kake ta faɗa. To ga ta nan zuwa.

Allah ya kawo ku lafiya.

Babanki mai jiran ku

*

Baba,

Ina gaishe ka. Mun iso gida. An cire wa Ummi zaren ɗinkin goshi jiya, wurin ya kama. Baban Ummi yana fama da ciwon mara, yana shan magani.

Wasiƙarka ta fenti da kujeru arba'in a akwatin gidan waya na same ta bayan mun dawo. Ta iso kwana ɗaya da tafiyarmu. Da ta riga mu, da ban rubuta wannan ba.

Mutane nake nufi, Baba. Baƙi, waɗanda ba ta sani ba. Ba launi ba.

Zan gaya maka abin da ya faru, don na san ka gani amma ba ka ji ba.

A hanya Ummi ta yi abin da ban taɓa zato ba. Awa goma sha ɗaya tana zaune jikin taga, abin toshe kunnenta a kai, littafinta a cinya. Duk inda muka kai sai ta juya shafi. Mu ne ma muka sha wuya. Ƙofar banɗakin jirgi ta yi wa keken kaɗan, don haka Baban Ummi bai sha ruwa ba tun asuba. A tasharku na'urar hawa bene ta lalace, 'yan dako huɗu suka ɗauke shi da keken suka sauko da shi, jama'a suna kallo. Da muka shiga tasi ya dubi Ummi ya ce mini, "Kin yi gaskiya, ta iya."

Da tasi ta tsaya, ta buɗe shafin ƙofarka. Wata biyu tana shafa baƙar ƙofar nan da yatsa. Ta dubi littafin, ta dubi ƙofa, ta sake duban littafin. Ta ce, "Ba nan ba." Na ce nan ne, Ummi, gidan Kaka ne. Ta ce, "Ba nan ba. Ba nan ba." Da an ba ni minti goma da wataƙila na lallashe ta. Sai ƙofar ta buɗe.

Ka ce ka hana su ihu. Baba, mutum arba'in suna maraba lale a lokaci ɗaya, wannan ihu ne. Suka kewaye motar, fuskoki a kowane gilashi. Gwaggo ta buɗe ƙofar ɓangaren Ummi ta kamo hannunta tana cewa, "Zo nan, 'yar nema, zo in ga mai kama da wa!" Ummi ta fizge, ta fara buga goshinta a ƙarfen taga. Ina riƙe ta ta baya, ta fi ƙarfina. Baban Ummi yana kujerar gaba, kekensa yana but a bayan mota, yana miƙo hannu ba ya kaiwa. Yana roƙon mutane su ja baya, ba mai sauraronsa. Da jini ya zubo na ji Gwaggo tana cewa, "Wannan ai ba ciwon asibiti ba ne, iska ce, ku kuka ƙi nema mata magani." Shi ne na ce wa direba ya ja.

Na san ka bi mu har masaukin da ke bakin tasha. Mai masaukin ya gaya mini akwai wani dattijo da ya wuni a bakin ƙofa kwana biyu. Na san kai ne. Ban fito ba. Ummi tana ƙarƙashin tebur ta ƙi fitowa, ni kuma da na fito a ranar da na faɗa maka abin da zan yi nadama.

Da na karanta wasiƙarka na ɗauko kwafin tawa na ajiye su gefe da gefe, ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Ni na rubuta zancen kofi shuɗi dab da wancan layin. Kai kuma ka ce ba za ta ga ko ɗaya ba, na karanta na yi barci da daɗi.

Yanzu ba ta yarda mu bi titin tasha, sai mun zagaya. Littafin ta yayyaga shi. Kalmominta sun koma shida ko bakwai. Malamarta ta ce za su dawo, amma ba ta ce yaushe ba.

Baban Ummi ya ce ba zai sake sa ta a jirgi ba. Ban yi masa musu ba. Ba za mu sake zuwa ba, Baba. Gara in faɗa maka da ka zauna kana jira.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ku. Yaya goshin mutuniyata, yaya jikin maigidanki? Ki ce masa ina ba shi haƙuri, in zai karɓa. Ni lafiya lau. Likita ya ce yanar ido ta fara rufe idona na hagu, ba wani abu ba ne.

Na karanta. Na kai wa Malam wasiƙarki ta maganar baƙi, wadda na ƙi nuna masa. Ya karanta layin, sannan ya tashi ya rubuta kalmar a allo sau biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya ce in nuna masa bambancin. Na duba, na sake dubawa. Babu. Ya rubuta a ƙasa: "A baki ake jin bambancin, ba a takarda ba." Da a ce kunnena yana nan kika faɗa mini a waya, ko yaro ba zai yi wannan kuskure ba. Malam ya ce ba laifina ba ne. Amma da na kawo masa tun farko da ya tambaye ni, yarinya ce za ta ji tsoron launi har ta fasa kanta? Girman kai ne ya hana ni. Na so a ce tsohon nan shi ya karanta takardar 'yarsa.

Kin ce ihu ne. Wallahi, Auta, ni a wurina shiru ne. Na fito ina gaba, na ga bakuna suna motsi, kowa yana dariya, na ce a raina sun ji maganata. Sai na hango ta cikin gilashi hannun riga shuɗi, da hannaye biyu a kan kunne. Sai jini. Sai mota ta ja. Abin da na gani na jikata ke nan. Ban ga fuskarta ba.

Na je gidan Gwaggonki na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa mata ba tun muna yara. Ba ma magana yanzu. Kujeru na mayar. Gangaren yana nan, ko taya ɗaya ba ta hau shi ba, yaran unguwa ne suke zamiya a kai.

Ba cewa nake ku dawo ba. Kun yi daidai. Tambaya ɗaya ce kawai: akwai wata hanya da zan ga fuskarta ba tare da na cuce ta ba? In babu, ki ce babu, zan gane. Ki rubuta shi da kalmar da ba ta da fuska biyu.

Babanki

*

Baba,

Ka yi haƙuri. Wasiƙunka uku sun zo a wata huɗun nan, ban amsa ko ɗaya ba. Na sha ɗaukar biro in ajiye. Muna lafiya. Ummi ta dawo da wasu kalmomin, har ta ƙara sabuwa, "a'a dai". Maganar idonka ba ƙaramin abu ba ne, kada ka ce mini ba wani abu ba ne, aikina ke nan.

Baban Ummi ne ya kawo wannan shawarar, ba ni ba. Ya ce, "Tsohon nan ya fasa bangon banɗakinsa saboda ni. Ba a taɓa yi mini haka ba, ko a wurin aikina."

Kai za ka zo. Amma ba gidanmu za ka sauka ba, gidan nata ne, ba ta yarda da sabon mutum a ciki. Akwai masauki a bayan layinmu. Kullum ƙarfe huɗu muke dawowa daga makaranta, ni ko babanta, mu ratsa wani ɗan lambu. Akwai benci na siminti a ƙarƙashin bishiya, kusa da famfo. Nan za ka zauna, tun huɗu saura kwata. Riga ɗaya za ka riƙa sawa kullum, hula ɗaya. Kada ka tashi in ka gan mu. Kada ka gaishe mu, kada ka ɗaga hannu, kada ka kira ta. Ka dube ta yadda kake so, amma ta gefen ido. Kwana goma. Ban yi maka alkawarin komai ba, sai dai za ka ga fuskarta.

Game da hanya: a tasha da lasifika suke sanar da komai, ba za ka ji ba. Ka rubuta a kwali da manyan haruffa, BA NA JI, A RUBUTA MINI, ka rataya a wuya. Kada ka ji kunya. Ka nuna wa mai duba tikiti takardar da na sa a nan, na roƙe shi ya taɓa kafaɗarka in an iso. Ka zauna inda za ka riƙa ganinsa. Ka sha ruwa.

In akwai kalmar da ka yi shakka a nan, ka kai wa Malam.

Auta

*

Baba,

Ina fata ka isa gida lafiya, gwiwa ba ta kumbura da zaman jirgi ba. Yau kwana shida da tafiyarka.

Ka yi duk yadda na ce. Kwana goma ban ga ka motsa ba, har ranar da aka yi yayyafi. Ni da na san surutunka, na san abin da hakan ya ci maka. Ita kuma ba ta dube ka ko sau ɗaya ba, na ga hakan ma. Da na raka ka tasha na ɗauka shi ke nan, ka ga fuskarta, ba a cuci kowa ba.

Washegari da muka iso lambun ta tsaya a gaban bencin. Ta ƙi gaba, ta ƙi baya. Ta dafa wurin da kake zama. Ta ce, "A'a dai." Sannan ta fara kuka, irin wanda ka gani ta gilashi. Sai da mai gadin lambun ya taimake ni muka kai ta gida. Haka jiya, haka shekaranjiya, kwana shida ke nan. Mun gwada canja hanya, abin ya fi muni. Ta daina cin abincin yamma. Jiya ta ciji hannunta har ya fashe.

Ashe tana ganinka. Ta sa ka cikin hanyarta, kamar famfon, kamar bishiyar. Mu kuma muka cire ka ba mu gaya mata ba. Wannan karon ba kai ka yi kuskure ba, ni ce, ni da na fi kowa saninta.

Malamarta ta ce abu biyu ne. Ko mu daure wata ɗaya ko biyu har ta manta, kada kuma ka sake zuwa. Ko kuwa ka kasance a wurin kullum. Zuwa da tafiya shi ne abin da ba za ta iya ɗauka ba.

Ba zan ce ka bar gidanka ba. Shekararka saba'in, a nan ba ka san kowa ba, ba ka jin mota in ta taho ta bayanka. A can kake da Tela, da ajinku, da kabarin Mama. Kuma ba a cikin gidanmu za ka zauna ba, wataƙila har shekara, wataƙila fiye. Duk abin da za ka samu shi ne minti biyu a rana, daga yarinyar da ba ta dubanka. Kuma sai yaushe, Baba? Na gaya maka ne don hakkinka ne ka sani. Mun zaɓi mu daure.

Auta

*

'Yata,

Na iso lafiya, gwiwa ta kumbura ta sace. Yaya hannun mutuniyata? Ki wanke shi da kyau, kin fi ni sani.

Wasiƙarki na kai wa Malam tun kafin in gama ta. Na ce ya duba mini layi ɗaya, inda kika ce ta dafa wurin da nake zama. Na ce akwai wata ma'ana a nan da ban gani ba? Ya ce babu, yadda ka karanta haka yake.

Allah ya yafe mini, Auta. Kin rubuto mini cewa jikata tana kuka, ba ta cin abinci, ta ciji hannunta, ni kuwa na fito daga aji ina tafiya kamar saurayi. Na san ba daidai ba ne. Na yi ta istigfari a hanya, murnar ta ƙi tafiya. Ta neme ni. Tun rasuwar mamarki ba wanda ya tsaya a inda nake zama ya ga babu ni.

Kwana goman nan na ga haɓar mamarki a fuskarta. Na ga tana taka layin siminti ba ta taka tsagar. Na ga in ta zo daidai famfo tana rage tafiya, ashe ba don famfon ba ne. Minti biyu kika ce. Ni na ƙirga, ba su kai biyu ba. Sun ishe ni.

Kada ku daure. Na ba Tela makullin gida, zai riƙa buɗe tagogi. Ya yi fushi, ya rubuta mini a kwali, "Wa zan riƙa yi wa ihu?" Na je kabarin mamarki na daɗe. Malam ya ba ni littafin aji na huɗu ya ce in ƙarasa da kaina. Ki nema mini ɗaki a ƙasa, ba bene ba, inda zan kai lambun ba tare da na tsallaka babban titi ba. Nan da mako biyu, ranar Alhamis zan taso, Juma'a huɗu saura kwata ina kan bencin.

Kin ce sai yaushe. Na gane abin da kike nufi, ba sai na kai wa Malam ba. Akwai ranar da ba zan iya zuwa bencin ba, kuma ranar za ta yi kukan da ya fi wannan, ke ce kuma za ki ɗauke ta ki kai gida. Na juya maganar nan ta kowane gefe, ban samo mata amsa ba. In kin ce kada in zo saboda wannan, ki aiko wa Tela saƙo ta waya kafin Alhamis, zan kwance kayana, ba zan ce komai ba. In ban ji daga gare ki ba, ina hanya.

Rigar nan da nake sawa a benci ta fara sakewa a wuya. Na sa Tela ya ɗinka mini irinta guda uku, yadi ɗaya, maɓalli ɗaya. Ya so ya ƙara mini aljihu, na ce kada ya kuskura.

Babanki